Fatawa: Shin ya halatta a dasa wa Musulmi ƙodar alade?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, yayana ya daɗe yana zaune a Amurka. Ƙodojinsa duka biyu sun daina aiki, yau shekara huɗu ke nan yana wankin ƙoda sau uku a sati. Sunansa na cikin masu jiran ƙodar ɗan Adam, amma har yanzu shiru. Kwanakin baya likitansa ya yi masa zancen wani gwaji da ake yi na dasa wa mutane ƙodar alade, irin aladen da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, ya ce in yana so sai a duba ko ya cancanta. Da labarin ya iso gida sai kanmu ya rabu. Hajiyarmu ta ce gara ya mutu da imaninsa da ya shiga kabari da naman alade a cikinsa. Kawunmu kuma ya ce ai tunda an canja dabbar, ta tashi daga alade. Malam, ya halatta? In an yi, yaya sallarsa? Kuma da gaske ne halin alade zai shige shi?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Allah ya ba yayanki lafiya, ya sa abin da yake sha na wahala ya zama kankarar zunubi.

Malaman usulu suna cewa hukunta abu reshe ne na fahimtarsa, don haka bari mu fara da sanin abin da ake yi a can kafin mu buɗe littafi.

A ranar 7 ga Janairu 2022 likitocin Jami'ar Merilan da ke birnin Baltimo suka dasa wa wani mutum ɗan shekara 57 zuciyar alade. Ɗaya daga cikin jagororin aikin Musulmi ne haifaffen Fakistan, Dokta Muhammad Mohiuddin. Mutumin ya yi wata biyu ya rasu, daga baya kuma aka gano wata ƙwayar cuta ta alade a cikin zuciyar. Na biyu da aka yi wa a watan Satumba 2023 ya yi kusan sati shida. Ƙodar aladen da aka sauya wa ƙwayoyin halitta kuwa, a watan Maris 2024 aka fara dasa ta ga mai rai a babban asibitin Masacusas da ke Bostan. Mutumin ɗan shekara 62 ne, ya bar asibiti da ƙafarsa, ya rasu bayan kimanin wata biyu, asibitin kuma ya ce bai ga alamar dashen ne ya yi ajalinsa ba. Wata mata da aka yi wa a Niyok a watan Nuwamba 2024 ta yi kwana 130 ba wankin ƙoda, sannan jikinta ya fara ƙin ƙodar, aka cire, ta koma kan inji. Wani da aka yi wa a Bostan a Janairun 2025 ya kai kwana 271 kafin a cire tasa. A farkon 2025 ne hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ba kamfanoni biyu izinin gwada abin a kan rukunin marasa lafiya, kuma ga alama irin wannan gwaji ne aka yi wa yayanki tayi.

Me ya sa alade, ga saniya, ga rago? Ba don cin fuskar kowa ba ne. Ƙodar alade da zuciyarsa sun yi kusa da na mutum a girma da tsari, cikinsa kwana 114 ne, yana haihuwa da yawa, yana saurin girma. An gwada dangin biri tun da daɗewa, har an sa wa wata jaririya zuciyar gwaggon biri a 1984, ba ta wuce sati uku ba. Matsalar aladen ita ce akwai wani nau'in sukari a jikin ƙwayoyin naman nasa wanda garkuwar jikin ɗan Adam take gani a matsayin baƙo, ta far masa cikin mintoci ko awoyi. Shi ya sa ake kashe ƙwayoyin gadon da suke samar da wannan sukari, a ƙara wasu na ɗan Adam da za su lallashi garkuwar jiki su hana jini daskarewa. Aladen kamfanin Revivicor wuri 10 aka taɓa masa. Na kamfanin eGenesis wuri 69, mafi yawansu don kashe wasu ƙwayoyin cuta ne da suke kwance a cikin gadon alade tun asali.

Daga nan za ki ga maganar kawunku ba ta tsaya ba. Abin da yake nufi shi ne abin da malamai suke kira istihala, wato najasa ta rikiɗe ta zama wani abu daban da suna daban da siffa daban, kamar giya ta juye da kanta ta zama kal, wato ruwan tsamin nan da ake kira binega. To amma dabbar da take da ƙwayoyin gado wajen dubu ashirin aka taɓa mata wuri goma ko sittin da tara, alade ya haife ta, da hancin alade, da kukan alade, su kansu masu kiwon nata alade suke kiranta. Wannan alade ne, hukuncinsa hukuncin alade. In za a halatta dashen, ta wata ƙofar za a shiga, ba ta wannan ba.

Haramcin alade ba wurin jayayya ba ne. Ya zo a wurare huɗu a Alƙur'ani: Baƙara aya ta 173, Ma'ida aya ta 3, An'am aya ta 145 da Nahli aya ta 115, a ta An'am ma Allah ya kira shi ƙazanta. Mai Risala, Ibnu Abi Zaid, ya ce kowane abu na alade haram ne, sai dai an yi rangwame wajen amfani da gashinsa. Gaskiya ne a mazhabar Malik duk mai rai tsarkakke ne ko da kare ne ko alade, amma wannan muddin yana raye ne gaɓoɓinsa na jikinsa. Hadisin Abu Waƙid al-Laisi, wanda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, ya ce abin da aka yanke daga jikin dabba tana raye mushe ne, kuma yanka ba ya halatta alade. Saboda haka ƙodar nan, da zarar ta bar jikin dabbar, najasa ce. Kada mu yi wa wannan kwana-kwana.

Sai dai ki duba waɗancan ayoyi huɗu da kyau. Babu ɗaya a cikinsu da ta ƙare ba tare da ta buɗe ƙofa ga wanda ya matsu ba. Ta Baƙara ta ce wanda aka matsa, ba yana mai nema don sha'awa ba kuma ba mai ƙetare iyaka ba, babu laifi a kansa. A An'am aya ta 119 kuma Allah ya ce ya bayyana muku filla-filla abin da ya haramta muku, sai abin da larura ta tilasta ku gare shi. Wanda ya haramta shi ne ya yi togaciyar, a aya ɗaya, a numfashi ɗaya. Shehu Halil a Mukhtasar ya ce wanda larura ta kama ya ci abin da zai riƙe ransa, kuma a gabatar da mushe a kan alade. Ki lura da jerin: bai fitar da alade daga abin da matsattse zai ci ba, ya dai ajiye shi a ƙarshen layi. In har cusa naman a baki, wanda shi ne ainihin abin da ayar ta hana, ya halatta ga mai tsoron halaka, to ɗinka gaɓar a ciki don tace jini ba zai fi shi tsanani ba.

Nan ne ɗalibin da ya karanta Risala zai ɗaga hannu, kuma yana da gaskiya ya ɗaga. Zai ce, Malam, ba a cikin littafin nan aka ce ba a yin magani da giya, ko najasa, ko abin da akwai mushe a cikinsa, ko wani abu da Allah ya haramta ba? Haka ne. Malaman mazhabarmu sun tsaurara a wannan babi fiye da wasu, kuma suna da abin riƙo. Ɗariƙ ɗan Suwaid ya gaya wa Annabi (SAW) cewa don magani yake haɗa giya, Annabi ya ce masa ba magani ba ce, cuta ce; Muslim ya ruwaito. Ibnu Mas'ud ya ce Allah bai sanya warakarku a cikin abin da ya haramta muku ba; Buhari ya kawo maganar. Amma in ka bi diddigin dalilin da ya sa suka bambanta mai yunwa da mai ciwo, za ka tarar abu guda ne: mai yunwa in ya ci mushe tabbas yunwar za ta kau, kuma ba shi da wata hanya, mai ciwo kuwa in ya sha najasa, wataƙila ya warke wataƙila bai warke ba, kuma ga magunguna na halal barjat. Hukuncin nasu a kan wannan siffa aka gina shi. Idan aka sami ciwon da yake kisa, babu madadi na halal, kuma masana suka rinjayar da zaton amfani, to siffar ta koma ta mai yunwa.

Sunnar ma ta nuna ana ɗage haramci saboda jinya. Annabi (SAW) ya yi wa Zubairu da Abdurrahman ɗan Aufu rangwamen sa alhariri saboda ƙaiƙayi, Buhari da Muslim sun ruwaito, ƙaiƙayi kuwa ba ya kisa. Ya umarci Arfajatu ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi na jahiliyya, ya sa hancin zinariya bayan na azurfa ya yi masa wari. Malaman Shafi'iyya sun fito fili sun ce magani da najasa, ban da giya, ya halatta in babu mai tsarki da zai tsaya a matsayinsa. Izzuddin ɗan Abdussalam ya ba da dalili cewa maslahar lafiya da kuɓuta ta fi maslahar nisantar najasa cika. Imam Nawawi kuma a Minhaj ya kawo mas'alar da kamar don yau aka rubuta ta: wanda ya ɗora ƙashinsa da ya karye da ƙashi mai najasa saboda rashin mai tsarki, yana da uzuri. A zamaninmu, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmin duniya, a zamanta na takwas a Makka a shekarar 1405 bayan hijira, daidai da 1985, ta halatta a ɗauki gaɓa daga dabbar da ake ci wadda aka yanka ba tare da wani sharaɗi ba, ko daga wadda ba a ci a lokacin larura, a dasa wa mutumin da ya matsu. Ni a kan wannan nake, kuma da shi nake fatawa: asalin dasa gaɓar alade haram ne, larura ta gaskiya tana halatta shi.

To amma ba a nan wahalar mas'alar yayanki take ba. Jama'a duk hankalinsu ya tafi kan kalmar alade, alhali abin da ya fi buƙatar tsayawa shi ne kalmar larura, da kalmar gwaji.

Wankin ƙoda wahala ne, wanda bai zauna kusa da mai yi ba ba zai gane ba: awa huɗu a kan kujera, sau uku a sati, ruwan sha a ƙididdige, jiki a mace bayan an tashi. A garuruwanmu ma, inda kuɗin wanki ɗaya yake cinye albashin wani, mun ga gidajen da aka sayar da gona da fili a kansa. Amma shi yayanki yana samunsa, kuma yana riƙe rai. Muddin jikinsa na ɗaukar wankin, ga kuma kyakkyawan zaton layin zai iso kansa, to akwai madadi na halal, ƙa'ida kuwa ita ce larura ana auna ta gwargwadonta. Hali yana canjawa ne in jijiyoyin da ake sa masa allura sun fara toshewa, ko zuciyarsa ta fara gazawa saboda wankin, ko jininsa ya cika da sinadaran da za su sa jikinsa ya ƙi kusan kowace ƙodar mutum, ko likitoci sun ga da wuya ya kai lokacin da layin zai zo. Masu jira a Amurka sun haura dubu 100, mafi yawansu ƙoda suke jira, kuma da yawa suna mutuwa a kan layi. Wanda ya kai wannan matsayi matsattse ne a shari'a, ba sai ya fara shure-shuren mutuwa ba. Rinjayen zaton halaka ya isa.

Sannan kafin a ce babu ƙodar ɗan Adam, ina da tambaya gare ku, kuma ki yi haƙuri da ni. Ku nawa ne a ɗakinku? Nawa ne aka gwada jininsu? Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, a wancan zama nata na Makka a 1985, ta halatta mai rai ya ba da gaɓar da cire ta ba zai gurgunta rayuwarsa ba, da sharaɗin da yardarsa ya bayar ba tilas ba. Mutum yana rayuwa lafiya da ƙoda ɗaya, kuma ƙodar ɗan'uwa mai rai sau da yawa takan yi shekara 15 ko fiye tana aiki, ita kuwa ta alade a misalan da na kawo watanni ake lissafawa. Ban ce wajibi ne a kan kowa ya bayar ba, ba kuma a tilasta wa kowa, musamman mai hawan jini ko ciwon sukari. Amma gidan da yake da majiya ƙarfi biyar ko shida, babu wanda ya miƙa hannu aka ɗebi jininsa, sai muhawara a kan alade a waya, wannan gida bai gama bin ƙofofin halal ba. Na sha ganin haka a ciwon ƙoda: kowa malami ne, babu mai bayarwa.

Batun gwaji kuma, Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Don haka ne ma ya kamata a tsaya masa ya ga abin da yake kamawa. Ya nemi a gaya masa ƙarara nawa aka yi wa kafin shi, kwana nawa tasu ta yi, me ya faru da su bayan an cire. Magungunan danne garkuwar jiki da zai sha suna buɗe ƙofa ga cututtuka, akwai kuma tsoron wata cuta ta alade ta tsallako jikinsa, ta yiwu ma ta wuce zuwa iyalinsa, shi ya sa ake bibiyar masu shiga irin wannan gwaji tsawon rai. Ya tambaya ko shigarsa za ta taɓa matsayinsa a layin ƙodar ɗan Adam. Idan likitoci amintattu, kuma zai fi kyau a sami ɗaya wanda ba ya cikin masu gwajin, suka ce a halin da yake ciki zaton amfanin ya rinjayi zaton cutarwa, ya halatta ya shiga da yardarsa. Idan kuwa suka ce zamansa a kan inji ya fi masa aminci, to bai halatta ba, kuma abu biyu ne suka hana: najasar da babu larurar da ta ɗage ta, da jefa rai cikin haɗari. Ba sharaɗi ba ne likitan ya zama Musulmi in an amince da saninsa da gaskiyarsa; Annabi (SAW) ya ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ ɗan jagora a hanyar hijira alhali yana kan addinin mutanensa.

Ko a inda ya halatta ɗin, bai zama dole ba, tunda warakar ba tabbas ba ce. In ransa bai kwanta ba ya zaɓi haƙuri a kan wankin, ba a ce ya kashe kansa ba. Matar nan mai farfaɗiya Annabi (SAW) ya ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri da Aljanna, ta zaɓi haƙuri. Shi ne mai jikin, shi zai zaɓa, ba Hajiya ba, ba kawu ba.

Sallarsa ingantacciya ce, limancinsa ma haka, da azuminsa da ɗawafinsa. Gusar da najasa a wurin malamanmu wajibi ne tare da tunawa da iko, wanda kuwa aka ɗinke wa gaɓa a ciki don ceton ransa ba shi da ikon gusar da ita. Ban da haka, abin da yake can cikin ciki ba a yi masa hukuncin najasar da take kan tufa ko fata. Kowane mai salla yana tsaye ne da jini da fitsari da bayan gida a cikinsa, Annabi (SAW) kuma ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umamatu. Guminsa da yawunsa masu tsarki ne, matarsa ba ta da abin ƙyama, a ci abinci kwano ɗaya da shi.

Zancen halin alade zai shige shi kuwa, ba shi da tushe a nassi, ba shi da shi a likitanci. Wasu malamai sun ambaci cewa abinci yana tasiri a ɗabi'a a lokacin da suke neman hikimar haramcin, wannan kuwa ijtihadi ne a kan cin nama da ganga, ba aya ba ce ba hadisi ba. Ƙoda matata ce: tana tace lita wajen 180 na ruwan jini a yini, ta mayar da kusan duka, ta fitar da lita ɗaya da rabi zuwa biyu a matsayin fitsari. Ba ta ɗauke da kunya ko rashinta. Wanda aka sa wa ƙodar kafiri bai kafirta ba, wanda aka ƙara wa jinin ɓarawo bai fara sata ba. Tun shekarun 1960 ake sa wa masu ciwon zuciya marfin ƙofar zuciya da aka yi da naman alade, ba a ji sun canja hali ba. A wannan ɗin ma, tunda zancen ya kawo mu, in likita ya ce na saniya ko na ƙarfe zai yi wa mutum aiki daidai, shi ake zaɓa, na alade sai in babu su ko ba su dace da jikinsa ba.

Hajiya kuwa a bi ta a hankali, kada wani ya ce mata ba ta waye ba. Ƙyamar da take ji tarbiyyar Musulunci ce ta haife ta, kuma ita ce ta tsare gidajenmu daga wannan nama. A karanta mata ayar Baƙara har ƙarshenta, ta ji da kunnenta inda Allah ya ce babu laifi a kansa, ya rufe da cewa shi Mai gafara ne Mai jinƙai. Karɓar rangwamen Allah ba ya rage imani. Tsoron da take yi na kabari kuma a kwantar mata da hankali: in ajali ya same shi da ƙodar a jikinsa, ba za a farke shi don a cire ba. Nawawi ya ce a ingantacciyar magana ba a cire irin wannan bayan mutuwa, kuma hadisin Nana A'isha ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. A yi masa wanka, a sa masa likkafani, a yi masa salla, a binne shi cikin Musulmi kamar kowa.

Ke kuma, in lafiyarki ƙalau kuma zuciyarki ta ba ki, ki ce masa ya tambayi asibitin nasa yadda ake gwada 'yan'uwan da suke wata ƙasa. Gwajin farko na rukunin jini ne, ana yinsa a nan gida.

Wallahu a'alam.